An kama ni ina tuƙi da giya a jikina a Ingila, saura kwana 16 in shiga kotu: me ke jirana?

Baƙon Sanyi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabon suna na buɗe don wannan tambayar, saboda akwai waɗanda suka san ni a zauren nan, kuma abin da zan faɗa ko matata ba ta ji shi ba tukuna. Wanda zai yi mini faɗa ya yi, na ci a yi mini, amma don Allah ya haɗa da abin da zai amfane ni.

Ni mutumin Zariya ne, shekarata 37. Na shigo Ingila a 2022 da bizar aikin kula da tsofaffi, bayan na sayar da filina na ƙara da bashin yayana. Muna zaune a gefen Manchesta da matata da yara biyu, dukkansu a kan bizata suke. Aikina bin gidaje ne: in tashi tsoho, in yi masa wanka, in ba shi abin kari da magani, in rubuta, in wuce gida na gaba. Wata rana gida 12 nake shiga. Duk wanda ya san aikin ya san in babu mota babu aikin.

A gida ban taɓa kai giya bakina ba. A nan na fara, hunturun bara, lokacin da nake tashi daga aiki ƙarfe 10 na dare jiki duk ciwo, barci kuma ya ƙi zuwa. Wani abokin aiki ya ce in gwada kaɗan. Daga kaɗan ɗin aka kai inda aka kai. Ba kullum ba ne, amma ya kai ga ina yi wa matata ƙaryar aikin dare kamar sau biyu a wata.

Daren Juma'ar da ta wuce aka yi wa wani abokin aikinmu liyafar sallama. Daga ƙarfe 9 zuwa wajen 2 na dare na sha manyan kofuna huɗu na giya, aka kuma kawo wiski, wannan ban ƙirga ba. Ban taɓa mota a daren ba, a raina wai na yi hankali. Na kwana a kan kujera a gidan abokin. Ƙarfe 6 na tashi, na watsa ruwa, na sha baƙin kofi, na jefa cingam a baki, ko asuba ban yi ba na fita, domin ƙarfe 7 ya kamata in isa wajen wani dattijo mai ciwon suga. Gilashin mota duk ƙanƙara, na kankare daidai inda idona zai leƙa kawai. A shataletale na biyu na kutsa ban ba na hannun dama hanya ba. Wata motar kaya ta taka birki har na ji kukan tayoyinta, direban ya danne oda bai saki ba. Motar 'yan sanda tana bayansa.

Ɗan sandan bai ɗaga murya ba. Ya sunkuyo ta taga ya tambaye ni yaushe rabona da giya. Na ce jiya da dare. Ya miƙo mini wata na'ura mai ɗan farin bututu, ya ce in busa har sai ya ce in tsaya. Ya duba, ya ce na wuce iyaka, in fito. A caji ofis suka karɓe bel ɗina da igiyar takalmi da waya, suka ɗauki hotona da zanen yatsu, suka goga auduga a cikin kumatuna. Aka kai ni wani ɗaki mai babbar na'ura na busa sau biyu. Takarda ta fito kamar rasidin kanti: 54 da 52. Suka ce ƙaramin ake ɗauka, iyakar doka kuma 35 ce. Sai bayan azahar suka sake ni da takardar tuhuma da ranar shiga kotun majistare.

Wajen aiki na ce motata ce ta lalace, wayata kuma ta mutu. Dattijon nan bai samu abinci da magani ba sai ƙarfe 9 da aka tura wata. Matata kuwa na ce mata aiki ne ya riƙe ni. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba, in na ɗauki abinci ya tsaya mini a wuya.

Don Allah waɗanda suka sani: ɗaure ni za a yi? Za a kore mu daga ƙasar? Wani ya ce in musanta, wai akwai lauyoyin da ke kayar da na'urar, na kira ɗaya ya ce in tanadi fam 3,000. Wani kuma ya ce in gaya wa alƙali cin abincin 'ya'yana a kan motar nan yake, zai bar mini lasin. Wanne ne gaskiya? Kuma lallai ne sai na gaya wa kamfaninmu? In na yi shiru wa zai sani?

Tafinta ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni ba lauya ba ne. Tafinta nake, Hausa da Turanci, kuma shekara 9 ke nan ina zama a kotunan majistare ina jin irin wannan shari'ar, wata safiyar har uku a jere. Zan gaya maka abin da ke rubuce da abin da idona ya gani.

Ka fara sauke wannan daga ƙirjinka: da wuya ƙwarai a ɗaure ka. Laifin yana ƙarƙashin sashe na 5 na dokar hanya ta 1988, kuma gaskiya ne iyakar hukuncinsa wata 6 a gidan yari da tara marar iyaka. Amma majistarori ba da ka suke yanke hukunci ba, suna da ma'aunin da suke bi. Wanda ya busa 36 zuwa 59 tara ce da ƙwace lasin na wata 12 zuwa 16. Daga 60 zuwa 89, wata 17 zuwa 22. Daga 90 zuwa 119 ake shiga aikin al'umma, lasin kuma wata 23 zuwa 28. Sai an kai 120 ake fara maganar gidan yari. Kai 52 ka busa, laifin farko, ba ka bugi kowa ba. Matakin farko kake. Sai dai yadda ka shiga shataletalen da ƙanƙarar da ke kan gilashin za su shiga cikin bayanin ɗan sanda, kuma irinsu ne ke sa a ɗan ɗaga watannin sama da 12.

Maganar a bar maka lasin saboda aiki da yara, wanda ya gaya maka ya haɗa abu biyu ne. Wannan roƙon yana aiki ga wanda ya tara maki 12 a lasinsa na ƙananan laifuffuka, irin gudun wuce ƙima da riƙe waya a kan tuƙi. Na giya ba ya shiga ciki. Wata 12 ɗin nan dole ce, ko majistaren ya tausaya maka hannunsa a ɗaure yake. Na sha ganin manyan mutane suna kuka a akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa, ana miƙa musu tishu, sannan a karanta musu watanninsu. Ƙofar da ta rage 'yar ƙarama ce: wanda aka zuba wa giya a lemo bai sani ba, ko wanda ya tuƙa don ceton rai babu wata hanya, ko wanda ya matsar da mota taku kaɗan. Naka ba ya cikinsu. "Jiya na sha, na kuma yi barci" ba kariya ba ce, domin abin da ke jikinka lokacin da kake riƙe da sitiyari shi doka take tambaya.

Batun musantawa. Akwai shari'o'in da suke rushewa saboda 'yan sanda sun tsallake wani mataki, wannan gaskiya ne, amma kaɗan ne. Kada ka zuba fam 3,000 a kan alƙawarin wanda bai ma ga takardunka ba. Laifin nan tunda ana iya ɗauri a kansa, kana da damar ganin lauyan da ke bakin aiki a kotun ranar zaman farko, kyauta. Ka isa da wuri, ka gaya wa mai kiran suna kana son ganinsa. Zai karanta takardun masu gabatar da ƙara, in akwai ɓaraka shi zai gani. In babu, ka amsa laifinka a zaman farko. Za a rage maka kashi ɗaya cikin uku na tarar, kuɗin shari'a kuma yawanci fam 85 ne. In ka ja aka yi shari'a ka faɗi, ragin ya tafi, kuɗin shari'ar ya koma ɗaruruwan fam, ga na lauyanka. Ragin nan tara kawai yake taɓawa, ba ya sauko da watannin ƙasa da 12.

Tarar da albashinka ake auna ta, tsakanin na mako ɗaya zuwa na mako ɗaya da rabi, sannan a ɗora kashi 40 cikin ɗari na tarar, kuɗin asusun waɗanda aka zalunta. Akwai fom na kuɗin shiga da za ka cike, ka tafi da takardun albashi. In ba ka da shi gaba ɗaya ka ce a raba maka wata-wata, suna yarda.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne kwas. Za a tambaye ka ko kana son kwas ɗin gyaran hali na masu wannan laifi. Ka ce kana so, a ranar, a wurin, domin in ka fita daga ɗakin ba ka karɓa ba shi ke nan. Yana rage har kashi ɗaya cikin huɗu na watannin: mai wata 12 ya koma 9. Awa 16 ne, yawanci kwana uku, kuɗinsa ba ya wuce fam 250.

Kada ka je kotu da mota. Haramcin yana farawa ne daga lokacin da aka furta shi, ba gobe ba. Kuma ko Turancinka na da kyau, in ka san tsoro na ɗaure maka harshe ka nemi tafintan Hausa tun yanzu, ba ka biyan ko sisi.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Malam, na karanta rubutunka sau biyu ina neman inda ka tambayi lafiyar direban motar kayan nan, ban gani ba. Lasinka, bizarka, aikinka. Shi fa? Da birkinsa bai kama ba fa?

Ƙanena yana da shekara 24 aka murƙushe shi a kan babur da sassafe, yana hanyar kasuwa. Wanda ya buge shi da aka fito da shi daga mota ko tsayuwa ba ya iya yi, shi ma daga wajen shagalin dare yake. Ni na yi wa gawar wanka. Mahaifiyarmu har ta rasu ba ta ƙara bin wannan titin ba. Shi ya sa ba zan iya lallashinka ba.

Kai Musulmi ne, ka san abin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta ce a kan giya. Da a nan Kano ne, inda ake aiki da shari'a tun 2000, bulala 80 ce a kan shan kawai, kafin a zo maganar tuƙi. Kuma abin da ke ƙona mini rai, a dokar 'yan rod sefti ta 2007 tarar tuƙi cikin maye naira 5,000 ce, ko kuɗin cika tankin babur bai kai ba. Shi ya sa a tasha mutum zai kora da 'yar leda ko ya haɗiyi tiramadol ya hau sitiyari da mutum 18 a baya. Ka gode wa Allah da Ya sa aka kama ka a inda doka ke da haƙori, kuma aka kama ka hannunka babu jini. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka karɓi abin da za su yanke, ka tuba.

Uwar Biyu ta rubuta:

Malam Ɗan Fagge, Allah Ya jiƙan ƙanenka da mahaifiyarku, Ya sa suna Aljanna. Maganarka gaskiya ce, ba wanda zai ce ka rage ta. Ina dai tunatar da mu cewa an taɓa kawo mashayi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Wannan bawan Allah da ƙafarsa ya zo ya tona kansa.

Ƙanena, ni nas ce a nan Ingila, kafin nan na yi shekara 4 a irin aikinka. Abin da ya fi tsaya mini a rubutunka ba 52 ɗin ba ne, dattijon nan ne. Mai ciwon suga ya zauna awa biyu ba abinci ba magani, ka kuma ce mota ce. A aikinmu ana iya yafe wa mutum laifin tuƙi, amma ƙarya a kan ziyarar da aka rasa, in manaja ta gano da kanta, ita ce ke kore mutum nan take. Kuma za ta gano. Ka duba takardar ɗaukarka aiki, kusan dukkansu sun ce sai ka sanar da su in an tuhume ka. Hukuncin zai fito a takardar DBS, wato takardar binciken tarihin laifi da masu ɗaukar aiki ke nema, a irin aikinmu kuma sai bayan shekara 11 yake daina fitowa. Jaridun unguwa ma suna buga sunayen waɗanda kotu ta hukunta. Ko ba duk wannan, ranar da aka karɓe lasin me za ka ce musu? Mota ta lalace wata 12?

Nan ne haɗarin bizarku yake. In kamfanin da ya ɗauki nauyinka ya sallame ka zai sanar da ma'aikatar cikin gida, su kuma yawanci kwana 60 suke ba mutum ya samu wani kamfanin ko ya bar ƙasar, da kai da iyalinka. Don haka ka je wajen manajarka kafin ranar kotu, ba bayanta ba. Ka gaya mata komai har da ƙaryar da ka yi. Kada ka je hannu rabbana, ka je da mafita: akwai ziyarar da ake yi mutum biyu, ɗaya ne ke tuƙi, akwai zagayen ƙafa a unguwa ɗaya, akwai gidan tsofaffi in kamfanin na da shi. Ma'aikata sun yi musu ƙaranci, ba sa son rasa wanda ya san aiki.

Sai matarka. Yau za ka gaya mata, in yara sun yi barci. Zamanta a ƙasar nan da makarantar 'ya'yanta duk suna rataye da takardar da kake ɓoyewa a aljihu, tana da haƙƙin sani. Za ta yi kuka, ƙila ta yi kwanaki ba ta kula ka ba. Wannan duk ya fi sauƙi a kan ta ji a bakin matar wani a wajen suna. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kuma ka je wajen likitanka ka ce masa kana sha, kana so ka daina. Akwai cibiyoyin taimako kyauta, ba sa kai labarinka masallaci ko wajen aiki. Rashin barcin da ya kai ka ga kwalba shi ma yana da magani.

Tsohon Direba ya rubuta:

Ni na bi ta wannan hanyar a 2016, don haka bari in gaya maka abin da ke bayan ƙofar kotu, tunda Malam Tafinta ya gama da na cikinta.

Tasi nake ja a lokacin. Na busa 71, aka ba ni wata 18. Ƙaramar hukuma ta karɓe bajon tasina, sana'ar shekara 12 ta tafi a safiya ɗaya. Na koma ɗaukar kwali a sito. Tarar na gama biyanta cikin wata 10 na manta da ita. Abin da ya daɗe yana bina lambar DR10 ce da ake maƙala wa lasin mutum, shekara 11 take zama. Da na dawo tuƙi kuɗin inshorata ya ninka kusan uku, wasu kamfanonin ma ko farashi ba su ba ni ba, kuma sai da na yi shekara 5 ina amsa "e" a duk fom ɗin da ya tambaya. Ɗiyata tana aure a Kanada, da ta haihu na so zuwa, ashe su tun 2018 suna lissafa wannan laifi cikin manya, neman izinin shiga ya zame mini aiki. Lasin ɗin ma ba ya dawowa da kansa, sai ka cike wa DVLA, hukumar lasin tuƙi, takarda ka biya kuɗi.

Jarabawar gaske tana wata na uku ko na huɗu. Ruwa na zuba, yaro ba lafiya, mota tana ƙofar gida, zuciya ta ce minti biyar ne kawai. Kada ka yarda. Kyamarorin 'yan sanda suna karanta lambar mota su kaɗai, kuma tuƙi bayan an hana ka laifi ne da ake ɗauri a kansa har wata 6. A nan ne na ga 'yan'uwanmu suka shiga gidan yari, ba a na farkon ba. Ni sayar da motar na yi don kada ma in gan ta. In kuma aka sake kama ka da giya cikin shekara 10, mafi ƙaranci shekara 3 ne.

A kwas ɗin na koyi abin da da na san shi tuntuni da ban shiga uku ba. Hanta ce ke fitar da giya daga jiki, kuma ma'auni ɗaya take iya ƙonawa a awa guda, kusan. Babban kofi ɗaya na giya mai ƙarfi ma'auni kusan uku ne. Kofunanka huɗu kaɗai sun haura awa 11, ba a sa wiski ba. Wanka da kofi da cingam ba abin da suke ragewa, ido kawai suke buɗe maka ka ɗauka ka warware. A ajinmu mutum nawa ne da safe aka kama su, suna hanyar aiki. In ka tsallaka Sikotlan ma iyakar 22 ce tun 2014, ba 35 ba.

Ni shekara 9 ke nan rabona da ita. Ana iya bari, ɗan'uwa.

Tafinta ya ƙara da cewa:

Na manta tambayarka ta korar ƙasa. Dokar 2007 da ke wajabta korar baƙo tana magana ne a kan wanda aka ɗaure wata 12 ko fiye. Tara ba ta kai can ba. Amma hukunci ne na laifi, kuma duk fom ɗin da za ka cike nan gaba, sabunta biza ne, zaman dindindin ne, ko neman zama ɗan ƙasa, za a tambaye ka, kuma suna da ikon dubawa su yanke. Ka rubuta shi kowane lokaci. Zanen yatsunka yana hannunsu, ɓoyewa kuma a wajensu yaudara ce, ta fi laifin kansa illa. Kuɗin da ka so ba mai kayar da na'ura, ka cire kaɗan ka ga lauyan shige da fice mai rajista kafin ka sabunta.

Abin da Malam Ɗan Fagge ya faɗa ma yana cikin dokarsu: tun 2022 wanda ya kashe rai da tuƙin ganganci cikin maye ana iya yi masa ɗaurin rai da rai.

Baƙon Sanyi ya dawo:

Assalamu alaikum. Jiya aka yi zaman, na ga ya kamata in dawo in gaya muku.

Malam Ɗan Fagge, daren da na karanta naka ban rufe ido ba. Gaskiya ka faɗa, ban tambaya ba. Kujerar ɗana ƙarami tana ɗaure a bayan motar ranar, kuma da ƙarfe 11 na safiyar zan kai su Islamiyya. Allah Ya jiƙan ƙanenka, ina sa shi a addu'a.

Yaya Uwar Biyu, na gaya mata a daren. Tana ninke kayan makarantar yara na ajiye mata takardar tuhumar a kan tebur. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke ta kamar yadda take, ta ce: "Na daɗe ina jin warin a rigar sanyinka. Ina ta roƙon Allah Ya sa na tsofaffin ne." Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai abin da ya shafi yara. Jiya da na fito zan tafi na tarar ta sa hijabi tana jirana a bakin ƙofa. Bas biyu muka hau.

Manajata na same ta tun makon jiya. Ranta ya ɓaci sosai a kan ƙaryar, ta ba ni gargaɗi a rubuce, ta kuma shigar da ziyarar da aka rasa yadda ta faru. Amma ba ta sallame ni ba, ta mayar da ni zagayen mutum biyu. Ƙarin awannin da nake samu sun tafi. Na roƙi a bar ni in ga dattijon, na ba shi haƙuri. Ya ce shi dai ya tuna ya ji yunwa, kuma ya ji tsoron ko wani abu ne ya same ni a hanya.

A kotu komai ya tafi yadda Malam Tafinta ya zana. Lauyan da ke bakin aiki ya duba takardun ya ce babu inda 'yan sanda suka kuskure. Majistare uku ne, mace a tsakiya. Na amsa laifina. Aka karanta bayanin shataletalen, ina jin matata tana jan numfashi a bayana. Duka zaman bai kai minti 20 ba. Wata 14 ba tuƙi, tarar fam 420, ƙarin fam 168, kuɗin shari'a fam 85, jimla fam 673, zan riƙa biyan 60 a wata. Na karɓi kwas ɗin, in na gama a kan lokaci za a cire mini kusan wata 3 da rabi.

Alhaji Tsohon Direba, na sa motar a kasuwa. Na ga likita ranar Litinin, ya haɗa ni da wata cibiya, zan fara zuwa mako mai zuwa. Yau kwana 22 ban sha ba.

Wanda ya rage shi ne yayana a Zariya. Saura naira miliyan biyu da ɗoriya a bashinsa, kuma yanzu abin da nake tura masa duk wata dole ya ragu, zai tambayi dalili. Matata ta ce in na yi masa ƙarya ita za ta gaya masa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan kira shi. Gobe kuma abokiyar zagayena za ta ɗauke ni a tashar bas ƙarfe 6:20, bas ɗin farko daga unguwarmu 5:40 yake tashi. Ku sa ni a addu'a.